Ciwon da Aka Ce a Wurin Karnuka Ya Ɗauko

Sunana Rabi'atu, ina koyarwa a wata firamare a Talata Mafara. Wata biyu ke nan da na fita takaba, sai yanzu hannuna ya yarda ya riƙe biro a kan wannan magana. Ina rubuta ta ne domin duk wanda ya ga gyambo a bakinsa, ko a bakin wani nasa, ya haura sati biyu bai warke ba. Ina kuma rubuta ta domin masu gudun marar lafiya. Ni ma na yi gudun, zan faɗa idan na zo wurin.

Mijina Lawali, Allah ya jiƙansa, likitan dabbobi ne. Shanu da awaki da tumaki su ne aikinsa na ofis, amma a shekaru biyun ƙarshe karnuka suka ɗauke masa hankali. Wani abokin karatunsa da ke koyarwa a jami'a ya haɗa shi da wasu masu bincike na ƙasar waje, waɗanda ke nazarin wani tsiro mai zubar da jini da ke fitowa a al'aurar karnuka. Duk ƙarshen mako sai ya hau babur ya nufi Tsibiri ko Birnin Tudu ko rugagen da ke bakin gulbi, wurin mafarauta da makiyaya. Idan ya sami kare mai tsiron, sai ya yanki ɗan ƙanƙanin nama ya sa a kwalba, ya rubuta sunan garin a jiki, sannan ya riƙa komawa yana yi wa karen allura sati-sati. Yawancinsu warkewa suke yi.

Ni dai ƙyamar aikin nake, shi kuwa daɗinsa yake ji. Ya sha zaunar da ni yana min bayani ina tsintar shinkafa.

"Rabi, kin san abin mamakin? Wanga ciwon daji ne, amma ɗaukar shi a kai. Naman ciwon da kanshi shi ka barin jikin wanga kare ya kama jikin wancan, kamar dashen shinkafa."

Akwai wata dabba kuma da ba ya gajiya da zancenta. Ya ce tana can wani tsibiri da ake kira Tasmaniya, ya kan ƙara da cewa ba Tsibirin Maradun ba, ya yi dariya. Baƙa ce, girmanta kamar ƙaramin kare, tana goya 'ya'yanta a wata jaka da Allah ya halitta mata a jikin cikinta. Saboda munin kukanta Turawa ke ce mata shaiɗan. Ita nata ciwon dajin a fuska yake fitowa, ta hanyar cizo suke ba juna, ya yi ta girma har ya hana ta cin abinci, yunwa ta kashe ta. Ya ce ciwon ya cinye su har ana tsoron irinsu ya ƙare a duniya, masana na ta neman rigakafi, kuma abin da ake koya daga karnukanmu zai iya yi musu amfani.

Malam, kamar yadda nake kiransa, mutum ne mai son bayani. Hotunan dabbar nan da kumburarriyar fuska suna cikin wayarsa, babu wanda bai nuna wa ba a majalisarsu ta teburin mai shayi. Mutane su leƙa, su yi a'uziyya, su ce ashe akwai kansar da ake ɗauka.

Bayan babbar sallah da 'yan kwanaki na lura ya daina taɓa yaji. Mutumin da ko fura ya samu sai ya nemi barkono. Na tambaye shi, ya ce haƙori ne ya guntule yana gogar masa kunci ta ciki. Sati na biyu ya sayo maganin kurkure baki. Sati na huɗu na ga yana tauna tuwo ta gefe guda, yana runtse ido. Na ce mu je asibiti, ya ce damina ce, dabbobi na ta ciwo, a bari aiki ya lafa. Haka muka ci wata biyu. Ranar da na ga jini a jikin matashinsa na ce ba zan tafi makaranta ba sai ya buɗe baki na gani. Ya buɗe. Can ciki ta hagu akwai gyambo mai faɗin babban yatsa, bakinsa ya yi tauri ya yi fari-fari.

A asibitin garinmu likita ya haska, ya latsa ƙarƙashin haɓarsa, ya rubuta mana takarda zuwa Gusau. A Gusau aka ce sai an yanki ɗan nama an kai gwaji. Muna cikin mota a hanyar dawowa, ya juya wajen taga ya ce a hankali,

"Na san ko mi ne ne, Rabi. Tun satin farko na sani. Irin shi nika gani a bakin dabbobi."

"Ka sani, Malam, kay yi shiru?"

"Tsoro na ji."

Har muka iso Mafara fushi da tausayi na cin raina, ban san wanda zan fara fitarwa ba.

Washegari mahaifiyarsa, Inna, ta iso daga Birnin Tudu tare da wansa, Yaya Bello, manomin shinkafa. Da jin zancen yanka Inna ta dafe ƙirji.

"Daji ba ya son ƙarfe, Lawali. Da an taɓa shi da wuƙa ko allura hwashewa shikai. Ka ba ni sati uku, akwai mai magani a wajenmu, ya warkar da mutane da dama."

Malam ya san ba haka ba ne. Amma Inna kuka take, ga shi shi ne autanta. Ya ce ya ba ta sati ukun. Na bi shi ɗaki ina faɗa, ya ce in bari, ba zai iya tafiya a yanka shi uwarsa na hawaye ba. Aka kawo garin magani na shafawa da saiwoyi na jiƙawa. Garin nan idan ya taɓa gyambon sai ya damƙe ƙafar gado, zufa ta karyo masa. Kafin sati ukun su cika kuncinsa ya kumbura ta waje, wari ya fara fita. Inna da kanta ta ce a koma asibiti.

Ba na riƙe Inna a zuciyata. Shawararta ta ci mana lokaci, gaskiya ne. Amma daga ranar har ya bar duniya ita ce ke goge masa miyau da hannunta, ba ta taɓa kawar da kai ba.

Aka yanki naman. Sakamako ya ɗauki sati uku, muna ta sintiri, yau a ce bai iso ba, gobe a ce mai sa hannu ba ya nan. Da ya fito aka tura mu wani babban asibiti a Sakkwato. Can na san abin da ake kira layi. Kana idar da sallar asuba ka je ka aje kati, ka zauna a benci har azahar, wani lokaci a ce likita ya ga iya waɗanda zai gani, a dawo jibi. Malam na zaune da rawani naɗe a fuska, ƙudaje na binsa, ni ina kora da mafici. Likitar da ta karɓe mu mace ce, 'yar siririya mai sanyin magana. Ta daɗe tana kallon hoton da aka ɗauka, sannan ta ce,

"Ya riga ya taɓa ƙashi. Za mu yi iya ƙoƙarinmu, amma ya yi nisa."

Ya taɓa ƙashi. Har yau kalmomin nan na dawo min idan ina wanke-wanke.

Muka dawo gida jiran ranar fara ƙarin ruwan magani. A nan ne wani ciwon ya same mu, wanda ba a rubuta a takardar asibiti ba. Ban san wanda ya fara faɗa ba, amma cikin kwanaki magana ta zagaye unguwa, wai Dakta a wurin karnuka ya ɗauko, wai irin ciwon shaiɗanun dabbobin nan ne na cikin wayarsa, kuma ai da bakinsa ya ce ɗauka ake yi. Ga fuska ta kumbura kamar ta hoton. Wa zai musa?

Abokan majalisa suka riƙa zuwa gaisuwa suna tsayawa a zaure, su ɗaga murya, "Ya jiki, Dakta? Allah shi sauwaƙe," su juya. Ranar Juma'a ya lallaɓa masallaci, ya dawo ya zauna bakin gado bai cire hula ba. Da ƙyar ya gaya min cewa na damansa da na hagunsa duk sun matsa, shi kaɗai ya yi sallah a tsakiyar sahu, babu kafaɗar da ta taɓa tasa. Bai sake zuwa ba. A makaranta malamai mata da muke cin ɗanwake kwano ɗaya suka fara cewa sun ƙoshi. Yaya Bello kuwa bai fasa zuwa ba, kuma bai taɓa zuwa hannu sake ba, buhun shinkafa, kaji, kuɗin mota. Sai dai iyakarsa bakin ƙofar ɗaki. Daga nan zai yi gaisuwa, hannuwansa a baya.

Yanzu na zo kaina. Muna da 'ya ɗaya, Nana, shekararta shida, Allah bai ba mu wani ba. Maganar mutane ta shige ni. Na ce a raina, idan fa gaskiya ne? Ai ni ma na ji shi yana cewa naman ciwon tsallakawa yake yi. Sai na ware masa kofi da cokali, na ɗaura musu jan zare, ina wanke su daban da ruwan zafi. Na riƙa tura Nana gidan maƙwabta da sunan wasa. Ban gaya masa ba, na ɗauka bai lura ba.

Wata safiya ya sha kunun gyaɗa ya rage. Nana ta saba shanye ragowar babanta tun tana rarrafe. Ta shigo da gudu ta ɗauki kofin. Ban san lokacin da na fizge shi ba, har kunun ya zube a zanenta, ta fashe da kuka. Na ɗago kai, muka haɗa ido da shi. A lokacin maganarsa ta fara nauyi, amma na ji shi sarai.

"Har da ke, Rabi?"

Na so in yi ƙarya, ban samu ba.

Bai yi min faɗa ba. Ranar da muka koma Sakkwato, muna shiga wurin likita, kafin ta ce komai ya nuna ni ya ce, "Likita, don Allah ki hwaɗa mata. Ni ba ta yarda da ni ba."

Likitar ta aje biro. Ta cire safar hannunta, ta ɗora tafinta a kan kuncinsa mai kumburin, ta bar shi a wurin.

"Malama, ki dube ni. Na kare a jikin kare kaɗai yake kamawa. Na waccan dabbar, a jikin irinta kaɗai. Wannan na mijinki daga jikinsa ya tsiro, ba daga kare ba, kuma ba zai tsallaka zuwa gare ki ko 'yarki ba. Ku ci tare, ku sha tare. Shekara nawa ina taɓa masu irinsa, ga ni."

Na durƙusa a ofishin nan na yi kuka kamar ƙaramar yarinya. Kwana goma sha ɗaya na yi ina raba shi da 'yarsa. Da muka dawo na tsinke zaren, na dama kunu, muka sha a kofi ɗaya mu uku. Ya ce ya yafe min tun ranar. Ya kuma ce abin da ya fi damunsa shi ne laifinsa ne.

"Rabin karatu na ba su. Na hwaɗa musu abin ban tsoro don ya fi daɗin labari, ban tsaya na ce mutum ba ya ɗauka ba."

Ya so ya gyara. Ya sa na riƙe masa waya ya naɗi murya domin 'yan majalisa, yana bayani dalla-dalla kamar yadda ya saba. Sau huɗu muna sakewa. Amma harshensa ya riga ya yi nauyi, rabin kalmomin ba sa fita. Aka tura. Mutum biyu suka amsa da addu'a. Wani ya gaya wa maƙwabcinmu wai bai gane komai ba, sai tausayi da ya kama shi.

Wata Talata, ranar kasuwa, da hantsi aka yi sallama. Wani tsoho ne dogo, baƙi, da 'yar jakar fata a kafaɗa. Ya ce shi ne Mamman mafarauci daga Tsibiri, Dakta ya taɓa warkar masa da karya da kowa ya ce a kashe. Hanyar Tsibiri a lokacin ba kowa ke binta ba saboda 'yan bindiga, amma ya biyo motar kasuwa ya zo. Yaya Bello na tsaye a wurinsa na kullum. Ya tare tsohon ya ce, "Baba, daga nan a ka gaisawa."

Baba Mamman ya dube shi sama da ƙasa, ya cire takalmi ya shige. Ya zauna a bakin gado, ya kama hannun Malam da hannuwansa biyu, suka yi doguwar gaisuwa, ina gajiya, ina iyali, ina ƙarfin jiki. Ga kofin madara a gefe da Malam ya kasa shanyewa. Tsohon ya ce ƙishi yake ji, ya ɗauka ya shanye tas, ya goge baki.

"Shekara arba'in ina kwana da karnuka," ya ce, yana kallon ƙofa. "Karyata tay yi wanga ciwo, ni ka wanke mata da hannuna. In ana ɗauka, ni ya kamata in riga Dakta."

Malam ya juya fuska bango, kafaɗunsa na rawa. Yaya Bello ya sunkuyar da kai, amma bai shigo ba. Daga ranar, duk Talatar da hanya ta yi kyau sai Baba Mamman ya zo, da zuma ko nonon da ya karɓo a ruga. Allah ya saka wa wannan bawa nasa da Aljanna.

Ƙarin ruwan magani sau uku aka yi masa, tsakaninsu sati uku-uku. Bayan na farko kumburin ya ɗan sauka, har ya ci fate da cokali, muka yi murna, Inna ta yi sadakar waina. Bayan na biyu amai da zawo suka kwantar da shi, gashin kansa ya zube a kan matashi. Na uku bai yi komai ba. Aka ce sai an gasa ciwon da na'ura, aka sa sunansa a layi, layin kuwa na mutanen jihohi da yawa ne. Muka sayar da babur ɗinsa, muka sayar da filin da ya saya zai yi wa Nana gini. Kullum ina kira, kullum a ce a ƙara haƙuri. Kafin layi ya iso kanmu ciwon ya huda kunci ya fito waje. Likitar ta kira ni gefe ta ce gashin ba zai ƙara masa komai ba yanzu sai wahala, mu tafi gida da maganin rage zafi. Ta riƙe hannuna har bakin ƙofa.

Watan ƙarshe ta roba ake ba shi abinci, ta hanci. Ni da Inna muke wanke ciwon safe da yamma, mu turara ɗakin. Magana ta ɗauke gaba ɗaya, sai rubutu a littafin Nana na makaranta. Ya rubuta cewa akwai kwalabe shida a ofis da bai aika ba, in kira abokinsa na jami'a ya zo ya ɗauka kada aikin ya lalace. Abokin ya zo da kansa, ya zauna kusa da shi, ya ba shi labarin cewa a can Tasmaniya an fara ganin wasu dabbobin da jikinsu ke jure ciwon, kuma masana na ci gaba da aikin rigakafi. Malam ya lumshe ido. Ya jawo littafin ya rubuta alhamdulillahi, rubutun duk ya karkace. Na tsaya ina kallonsa, mutum na mutuwa yana murnar dabbar da bai taɓa gani da idonsa ba za ta rayu. Na fita tsakar gida don kada ya ga fuskata.

Ya rasu ranar Alhamis da hantsi. Nana na makaranta. Kansa na kan cinyar Inna, ni ina riƙe da ƙafafunsa, tana laƙƙana masa kalmar shahada, yatsansa na motsi. Sai ya tsaya.

Mutane suka cika ƙofar gida, amma da aka zo maganar wanka sai aka yi cirko-cirko. Ina daga cikin ɗaki ina jin su. Wannan ya ce a nemo safar hannu ta asibiti, wancan ya ce a zuba ruwa daga nesa kawai. Liman ya ce shi zai shiga, amma yana buƙatar mutum ɗaya daga dangi ya kama masa. Sannan na ji muryar Yaya Bello, a dishe.

"Ni za ni shiga. Ƙanena ne."

Bayan an dawo daga maƙabarta, da la'asar, ya zo ya tsuguna a bayan labulen ɗakina. Ya yi min gaisuwa, na amsa. Na ɗauka zai tashi, sai na ji bai motsa ba.

"Rabi."

"Na'am, Yaya."

"Ni na goye shi shina yaro. Ni na kai shi makaranta bisa keke." Ya ja numfashi. "Wata biyar ina zuwa gidan ga ban taɓa ko hannunai ba. Yau na taɓa shi, na wanke mai fuska. Ya yi sanyi, Rabi."

Na buɗe baki in ce masa Malam ya yafe wa kowa, domin ya rubuta hakan, yana nan a littafin. Sai hawaye suka riga ni. Shi yana kuka a waje, ni ina yi a ciki, labule a tsakaninmu, har aka kira magariba.

Jama'a, idan gyambo ya ƙi warkewa ku tafi asibiti a satin nan, kada ku jira aiki ya lafa. Idan kuma naku ya kwanta da ciwon daji, ku shiga ɗakin, ku zauna a bakin gadon, ku riƙe hannunsa tun da sauran ɗumi. Allah ya gafarta wa Lawali, ya gafarta mana.